Mutumin da Ya Ƙi Shiga Koren Littafi

Juma'ar da ta wuce muna cin sayadiyya, shinkafar nan da kifi, na ji Khalid yana gaya wa matarsa da Larabci wai wayar hannu ce ta kashe koren littafi. Ya faɗa a hankali, cikin tausayi, kamar mai ba da labarin tsohon da mota ta kaɗe. Ban tanka ba saboda akwai suruka a wurin, amma kifin bai ƙara yi mini daɗi ba. To ku saurara, kai Khalid da ke Samira da ƙannenku: waya gawa ta tarar, ta taya ɗauka. Ni na kashe littafin nan da bakina, wata safiyar Laraba, a shagon Amminku Haruna, aminin nan nawa da kuke ɗauka baffa, kuma in aka mayar da ni wannan safiya zan sake. Da gangan nake rubuta muku da Hausa. Na san kuna ji sarai, mayarwa ce take muku nauyi. Inda kuka kakare ku kai wa Ummanku, ai ita ma da hannunta a ciki.

A unguwar Hindawiyya, nan Jidda, aka haife ni. Mahaifina ya taho daga Haɗeja a ƙafa, ya iso ya ce shi kam ya gama tafiya a duniya. Na koyi ɗab'i a hannun wani mutumin Masar, daga baya na buɗe 'yar maɗaba'ata a Ammariyya, inji ɗaya da wuƙar yankan takarda. Yawancin aikina katin biki ne. Mai biki kuwa ba ya karɓar kati ya tafi, sai ya gyara zama ya ce, Sani, ina gidan Alhaji wane yake yanzu? Tun ina amsawa da baki har na koma rubutawa a bayan takardun da suka lalace. Wata rana Ummanku ta ce tunda na zama mai nuna hanya kyauta, in buga abin mana in huta. Asalin koren littafi ke nan: sunayen mutanenmu na Jidda, unguwa-unguwa, da sana'ar kowa da kwatancen gidansa, Larabci a dama, boko a hagu. Hutun da ta yi mini alkawari har yau ban gan shi ba.

Kowace shekara bayan ƙaramar salla nakan zaga da fom. Suna, sunan uba, laƙabi, garin asali, sana'a, kwatancen gida, lambar tarho in akwai. A can ƙasa kuma akwai wani layi da ni na ƙirƙiro, ina alfahari da shi: wanda za a tambaya in ba a same ka ba. Mutanenmu ba sa zama wuri ɗaya, mai gida ya ƙara haya sun tashi, amma kowa yana da mutum ɗaya da ya san inda ya nufa, ko mai shayi, ko ladan, ko wata tsohuwa a bakin layi. Wannan layi ya fi lambar tarho aiki. Sauran layukan kuwa su suka fito mini da furfura. Mutum zai rubuta, bayan baƙalar Bayamane, wato kantinsa, ka wuce tankin ruwa, ƙofa shuɗiya. In buga. Bayan wata biyu ya yi wa ƙofar jan fenti, baƙonsa ya ɓata, ya zo maɗaba'a yana yi mini ihu. Alhaji Musa huɗu gare ni a layi ɗaya, kowanne yana son a cire sauran ukun. Wani dattijo, Alhaji Yahuza, ya taɓa tare ni a ƙofar masallaci da littafin a hannu.

"Ya Sani, ʿaib alek, ka ji kunya! Bala mai wanki ka sa sama da ni? Ni da na yi Hajji goma sha ɗaya?"

"Alhaji, harafi ne ya sa shi sama, ba ni ba."

"To ka gaya wa harafin ya san manya."

Amma duk wannan ƙaramin alhaki ne. Babban nawa ne, ba na kowa ba. A bugu na uku kaina ya kumbura, na sa aka rubuta a bangon gaba da manyan baƙaƙe: KOWA YANA CIKI. Talla ce kawai a wurina, irin ta mai turare da ke cewa ƙamshi har gobe. Ummanku ta duba ta ce, Abu Khalid, ka ƙirga kowan? Na ce ke dai ba ki san kasuwa ba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, na yarda.

Abin da ban hango ba shi ne littafin yana da ƙafa. Alhazai suka riƙa sayensa a Balad, tsohuwar kasuwar Jidda, tare da dabino da carbi, suna jefawa a jaka. Ya je Kano, ya je Maraɗi, ya je Damagaram, ya je Abeshe. Shekara na zagayowa sai ga baƙi a ƙofar mutane, littafina a hannun dama, ƙullin daddawa a hagu, suna cewa kakar wance da kakar wane nono ɗaya suka sha. Baƙon Allah kuma wa ya isa ya kora? Wata Hajiya mai waina ta zo har gaban inji ta ce littafina ya cinye mata buhun shinkafa uku da katifa ɗaya. Daga nan aka fara zuwa mini a ɓoye, ana cewa, Sani, bana ka cire ni. Wani don baƙi. Wani don iƙamarsa, takardar izinin zama, ta ce direba ne alhali ɗinki yake yi. Wani ya yi rigima da danginsa ba ya so su san inda yake. Duk na cire su, duk kuma na san gidajensu, don ni nake buga musu katin suna da na aure. Ban taɓa rubuta su a ko'ina ba, a kaina suke. Mutane sun san haka, shi ya sa suke ba ni fom a cike ba fargaba. Bangon kuwa na bar shi yadda yake, don farantin bugunsa bai lalace ba kuma ina ƙyashin sake wani.

Amminku Haruna shi tun farko bai taɓa shiga ba. Ku manyan kun san shi: dogon nan mai wushirya da ke ɗinka matasai na ɗakin baƙi da gyaran kujeru a shagon kafilinsa, ɗan ƙasar da ya tsaya masa, layi biyu daga gidanmu, wanda yakan ɗauke ku a wuya ya kai ku sayen balila, dafaffen waken nan na bakin titi. Ya girme ni da kusan shekara goma, Yaya nake ce masa. Shi ya riƙe Khalid ranar suna. Kowace shekara in ajiye masa fom a kan keken ɗinki, kowace shekara ya ɗora kofin shayi a kai. In na matsa ya ce shi ba ya son baƙi, mutumin da kullum akwai ragowar abinci a tukunyarsa don wanda zai faɗo. Wata la'asar haushi ya kama ni na ce, Yaya, in ba ka cika ba zan cika maka, ai na san komai. Sai ya ajiye almakashi, ya ja ƙofar shago, ya gaya mini abin da bai taɓa gaya wa ko matarsa ba. Daga Damagaram ya zo Hajji yana saurayi, shi da ƙanensa Mutari. Da za su taso uwarsu ta kama hannun Mutari ta sa a nasa, ta ce ga amana. A Mina zazzaɓi ya kwantar da Mutari. Haruna ya bar shi a tanti ya tafi jifa, ya ce yanzu zai dawo. Cunkoso ya riƙe shi. Da ya dawo an ce yaron ya cika, an ɗauke shi tare da wasu, ko kabarin bai gani ba. Ya ce zai koma gida in ya sami abin da zai gaya wa tsohuwa. Shekara ta wuce bai samu ba. Goma ta wuce. Ko wasiƙa bai aika ba, don wasiƙa ma sai an rubuta wani abu a ciki.

"Ka rantse, Sani. Ba a littafi ba, ba da baki ba. Ko wa ya zo."

"Haba Yaya, har sai na rantse?"

"Ka rantse."

Na ce wallahi, billahi. Ya buɗe ƙofa, ya zuba mini shayi, ba mu sake tayar da maganar ba shekara da shekaru. Fom ɗin dai ban fasa ajiye masa ba, don taurin kai ba shi kaɗai Allah ya ba.

Shekarar da nake son ku sani, bayan Hajji ne, alhazai sun sauko Jidda suna jiran jirgi. Ranar Litinin da hantsi ina gyaran shafuka sai ga wata tsohuwa ta yi sallama, siririya, da farin mayafi da jakar alhazan Nijar. Ta fito da koren littafi bugun shekara biyar baya, ya sha hannu har bangon ya yi laushi. Da ta yi murmushin gaisuwa, wushiryar Haruna na gani.

"Malam, kai ne mai littahin ga?"

"Ni ne, Hajiya. Bismillah, zauna."

"Sunana Mariama, daga Damagaram. Wana nake nema, Haruna ɗan Malam Lawali. Ya zo Hajji ya fi shekara arba'in, bai koma ba."

Ta ce wani tela a kasuwarsu yana da littafin, duk wanda ya zo da sabo sai ta je a karanta mata Harunonin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, da sunan uba da gari. Ba nasu. Uwarsu ta rasu tana tambaya. Yanzu ita kaɗai ta rage a waɗanda suka san fuskarsa. Dangi sun yanke shawara: in ta dawo daga wannan tafiya ba labari, za a yi masa sadaka da addu'a irin ta mamaci, a rufe maganar. Shef ɗin gurup ɗinsu, wato jagoran tawagarsu, ya ce jirgi ranar Alhamis. Sannan ta juya littafin, ta ɗora yatsa a kan manyan baƙaƙen nan nawa. Ba ta iya karatu ba, amma ta san inda suke.

"An ce nan ka rubuta kowa yana ciki. To shi ba ya ciki. Ka hiɗi mini gaskiya, Malam, in wanda ba ya ciki ya mutu ne, in koma in hiɗa musu."

Ni da nake gano ɗigon da ya ɓace a shafi mai layi hamsin, ban lura a ranar ba cewa sunan mutum ɗaya ta tambaya. Hankalina yana kan rantsuwa. Na dubi tsohuwar nan na ce ban san shi ba, amma zan bincika, ta gaya mini masaukinsu. Ta yi mini godiya, har da addu'a ga iyayena. Ban taɓa jin addu'a ta yi mini ɗaci irin wannan ba.

Ko inji ban kashe ba na nufi Hindawiyya. Na tarar da Haruna ya kifa wata kujera yana ja mata yadi. Na gaya masa komai, har da Alhamis, har da sadakar. Ya ƙarasa jan yadin. Da ya ɗago sai ya tambaye ni ko ta tsufa. Na ce ta tsufa mana, kai ka zauna yaro? Na ɗauka ya sauko. Ina!

"Su yi sadakar. Ya fi."

"Yaya, kana da hankali kuwa? Kana raye a yi maka sadakar mutuwa?"

"In ta ce ina Mutari, in ce mata me? In ce na tafi jifa?"

"Ka ce Allah ya yi masa cikawa! Kai ka ɗauki ransa? Tsohuwa ta ƙetaro teku, ya shekh, tana nan Balad, tafiyar minti goma!"

"Halas, Sani, magana ta ƙare. Ka rantse."

Ya mayar da kai kan kujerarsa. Na tsaya ina kallon ƙeyarsa, wallahi da ba Yaya ba ne da na kwaɗa masa matashi. Washegari Talata na koma, na lallaɓa, na yi faɗa, na kawo masa Allah da Annabi. Amsa ɗaya: ka rantse. Na dawo gida cin abincin rana ina huci, na zauna ina juya cokali. Ummanku ba ta san sirrin ba, amma ta san ni. Ta kore ku ɗaki, ta tsare ni, na faɗa mata rabi, ta ƙarasa sauran da kanta. Nan ma in kun lura na riga na fara karya rantsuwar.

"Abu Khalid, rantsuwa in an karya me ake yi?"

"Kaffara. A ciyar da mutum goma."

"To akwai shinkafa a gidan nan. Ita tsohuwar in ta hau jirgi ta je ta ce wanta ya mutu, saboda abin da ka rubuta a bango da abin da ka faɗa mata da bakinka, wannan mece ce kaffararsa?"

"Ke ba ki san abin da zai biyo baya ba. Mutum nawa suka ba ni amanar inda suke? In aka ji na kai wani ƙofar wani, wa zai ƙara ba ni ko sunan kakarsa?"

"Na sani sarai. Na dai tambaye ka kaffarar."

Shekara arba'in da wani abu muna tare, abin da ya fi ba ni haushi da matar nan shi ne ba ta ɗaga murya in tana da gaskiya. Ta kwashe kwanuka ta bar ni. Kada ku ɗauka ban auna ba. Na auna Haruna, wanda ya fi mini ɗan'uwa. Na auna littafin, wanda shi ne sunana a garin nan. In an ce Sani sai a ce wanne, a ce mai koren littafi. Na san in na yi abin da zan yi, duka biyun na iya tafiya. Amma ƙaryar da ke bangon nan tawa ce, ba ta Haruna ba. Shi shiru kawai ya yi. Ni na buga da tawada cewa wanda ba ya ciki babu shi, na sayar, aka kai har Damagaram ana karanta wa tsohuwa.

Laraba da safe na ɗauki mota na je masaukinsu. Na same ta a tsakar gida tana ɗaure jarkar zamzam. Na ce, Hajiya, shekaranjiya na yi miki ƙarya, tashi mu je. Ba ta tambaye ni komai ba, takalmi kawai ta nema. A hanya carbinta kawai nake ji. Na tsaya a bakin layi, muka taka. Haruna yana durƙushe gaban wata doguwar kujera, ƙananan ƙusoshi cike da bakinsa yadda masu sana'arsu ke yi, guduma a hannu. Ya ɗago ya gan ni, ya ga wadda ke bayana. Kallon da ya yi mini ba zan kwatanta muku ba. Ya tofar da ƙusoshin a tafin hannunsa a hankali, ya miƙe, ya rasa inda zai ajiye su.

"Haruna," in ji ta. "Kai ne ka yi hurhura haka?"

"Mari."

Sannan ya ce, Mutari, bai ƙarasa ba. Tsohuwar ta dube shi da mamaki.

"Mutari Allah ya jiƙan shi. Ai tun shekarar mun ji. Wani alhajin Mirriya yana tantin, shi ya kawo labari, ya ce ya ga wanshi yana yawo yana kuka yana nema. Inna ta yi haƙurin Mutari tun ba a yi wata uku ba, ta ce ya mutu wuri mai kyau. Kai ne ba ta yi haƙurinka ba. Kai muke nema, Haruna."

Ya zauna a kan kujerar da ba a gama ba, ƙusoshin suka zube. Shekara arba'in mutumin nan yana gadin labarin da kowa a gidansu ya sani. Uwarsa ta mutu tana jiran ɗan da ke raye, shi kuma yana nan layi biyu daga gidana yana ɗora kofin shayi a kan fom. Na ji tausayinsa har hawaye ya zo mini, na kuma ji kamar in kama shi in girgiza. Kuskuren da na yi shi ne tsayawa. Da na ajiye ta a ƙofa na juya, wataƙila da abin ya zo da sauƙi. Amma na tsaya, na ji, na ga babban mutum yana kuka da majina kamar yaro, ya kuma san na gani. Da na farga na sulale na koma mota. Ta wuni a gidansa, matarsa da 'ya'yansa suka san a ranar cewa suna da gwaggo. Alhamis shi ya raka ta filin jirgi, a motar haya, bai nemi tawa ba.

Na ɗauka bayan kwana biyu zai huce, har ina shirya yadda zan karɓi godiya ba tare da na nuna jin daɗi ba. Ranar Juma'a bayan an sallame, a ƙofar masallaci, gaban jama'a, na miƙa masa hannu. Ya dubi hannun, ya dubi mutane.

"Wanda ya ba Sani sirri, ya sani inji ya ba. Wallahi ya ce mini, billahi ya ce mini."

Bai faɗi mene ne sirrin ba, ni kuma ba zan iya faɗa don in wanke kaina ba, sai in zama abin da ya ce. Haka na tsaya da hannu a miƙe. Kafin la'asar magana ta gama Hindawiyya ta shiga Ammariyya. An ce na kai mace har shagon mutum. An ce 'yar binciken hukuma ce. An ce an biya ni. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa: duk wanda ya taɓa cewa in cire shi ya fara canza hanya in ya hango ni, wasu har gida suka sake. Asabar Ummanku ta dafa shinkafar kaffara da nama, aka kira mutum goma. Biyu daga cikinsu da kunnena na ji suna zagina a jiyan, suka ci, suka nemi ƙari, ɗaya ya ce gishiri ya yi kaɗan.

Da salla ta zagayo na fita da fom kamar kullum. Wanda a da yake rigima a kan harafi yanzu sai ya ce, bari in yi shawara. Wasu suka cika suna suka bar kwatance. Layin nan nawa na ƙasa, wanda za a tambaya, kusan kowa ya bar shi fari, don ba mai son jefa wani. Littafin da ba kwatance kuwa sunan me? Na sa aka kankare KOWA YANA CIKI daga bango, a makare. Na yi bugu biyu bayan nan, kowanne ya fi na baya rama, na ƙarshen har kunyar sayar da shi na ji. Sannan na koma katin biki. Lokacin da kowa ya sami wayar da ke nuna hanya, littafin ya riga ya shekara uku a kwance. Wannan ita ce gaskiyar, Khalid, ka gyara wa matarka.

Haruna bai ƙara yi mini magana ba. In mun haɗu ya amsa sallama, don addini, ya wuce. Bai zo auren Samira ba, amma ya aiko da matasai shida da ba wanda ya ce ya ɗinka. Na ji yana aika saƙo Damagaram, na ji ya je sau ɗaya ya dawo. Ni ba a gaya mini ba, a bakin mai shayi nake tsinta. Sau nawa Ummanku ta ce in je in ba shi haƙuri, na ce haƙurin me, ni ya kamata a ba. Sai ga shekarar da hukuma ta rushe tsofaffin unguwanni. Baƙalar Bayamane, tankin ruwa, ƙofa shuɗiya da ta koma ja, shagon Haruna, gidan da aka haife ni, duk suka zama fili. Muka dawo nan Madain Fahd, kowa ya kama gabansa. Aka ce Haruna ya ajiye iƙama ya koma gida gaba ɗaya, wurin ƙanwarsa. Ko sallama bai yi mini ba. Ba zan ɓoye muku ba, wannan ya yi mini ciwo fiye da maganar ƙofar masallaci.

Bara bayan Hajji wata Hajiya 'yar Damagaram ta yi ta tambaya har aka kawo ta gidan nan. Ta ba ni ambulan, ta ce wani tsoho ne a unguwarsu ya ce a ba mai koren littafi hannu da hannu. Na buɗe. Fom ɗina ne, na tsohon bugu, ya yi rawaya, da zoben kofin shayi a tsakiya. An cika shi da rubutun ajami mai rawa. Suna, Haruna. Sunan uba, Malam Lawali. Sana'a, ya rubuta hutu. Kwatancen gida, Damagaram, bayan tsohuwar rijiya, gidan Mariama, ƙofar langa-langa. Ba gaisuwa, ba ina iyali, ba komai. Shekara ashirin ina bin mutumin nan da takarda, sai da littafin ya mutu, unguwar ta tafi, idona ya daina ganin ƙananan baƙaƙe, sannan ya ga damar cikawa. Lambar waya ma bai sa ba, don dai ya ƙarasa ni. Ina cikin wannan mita Ummanku ta karɓa, ta sa tabarau, ta ce ban karanta layin ƙasa ba. Na ce wanne? Ta ce naka mana, wanda za a tambaya in ba a same ka ba. Ta karanta mini, tana dariya tana share ido.

"Sani mai ɗab'i, Jidda. Ya san inda nake, kuma ba ya iya riƙe bakinsa."

Fom ɗin yana cikin akwatin ƙarfe, ƙarƙashin takardun gida. Ranar da kuka zo kwashe kayana kada wanda ya jefar da shi. In kuma wani ya zo yana tambayar Haruna ɗan Malam Lawali bayan ba ni, ku kwatanta masa. An ba ni izini.